Filin Tambayi Malamin Lissafi: Yaya zan tsara shekarar aljabra ga zaƙaƙuran 'yan SS1?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk abu ɗaya suke zagayawa, wato aljabra da yaran da suka shigo babbar sakandare, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Ta farkon ce zan fi daɗewa a kanta don ita ce ta fi nauyi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar kuɗi a Malali, shekarata ta uku kenan da fara koyarwa. Bana firinsifal ɗinmu ya ware yara 28 'yan SS1 waɗanda suka fi kowa ci a jarrabawar JSS3 ya ce su ne ajin zaƙaƙurai kuma ni zan riƙe musu lissafi, wai so yake kafin shekara ta ƙare mu gama aljabrar SS1 mu tsallaka ta SS2 dan iyaye su ga bambanci. Firiyod biyar nake da su a sati. Wlh na zauna da sikim ɗin na rasa ta ina zan fara, gudu zan yi ne ko yaya? Nagode. — Wata malama daga Malali, Kaduna

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Kada ki yi gudu. Wannan ita ce amsata a taƙaice, sauran duk bayanin yadda za ki yi ne ba tare da kin ɓata da firinsifal ba.

Ajiye sikim ɗin tukuna ki ɗauko kalanda. A takarda tam ɗaya sati goma sha biyu ne ko sha uku, amma ni da ke mun san ba haka yake a aji ba, satin farko yara ba su gama dawowa ba ana ta rajista da rabon littafi, ga hutun tsakiyar zango, ga satin bita, ga satin jarrabawa wani lokacin ma biyu, in kika cire waɗannan abin da zai rage miki na koyarwa na gaske bai wuce sati tara ba a kowane zango. Tara sau uku 27, sau firiyod biyar 135. Daga nan ki cire hutun Sallah ƙarama da babba, Maulidi, Ista, 1 ga Oktoba, 12 ga Yuni, ki cire ranakun intahaus da ake kwashe yara a kai su fili, sannan ki tuna zango na uku lokacin WAEC da NECO ne, ana iya ɗauke ki a kai ki tsaron jarrabawar 'yan SS3 ko a karɓe ajinki a mayar da shi hol. Kuma azumi yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, to ki duba wane zango zai faɗo bana, kada ki ɗora abu mafi wahala a firiyod ɗin ƙarshe na rana a cikin azumi ga zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu. In kin yi wannan lissafin za ki ga da ƙyar ki samu firiyod 120, kuma ba na aljabra kaɗai ba ne tunda manhajar SS1 da hukumar NERDC ta tsara tana da jiyometiri da tiriganometiri da istatistik su ma suna jiran rabonsu. Wannan lambar ita za ki kai wa firinsifal a rubuce. Shugabanni sun fi jin magana idan da lamba a gabansu.

Sai abu na biyu, wanda na fi so ki riƙe. Kada ki yarda cewa don yaro ya ci A a jarrabawar JSS3 to ya iya lissafin JSS3. Da yawansu hadda ce ta kai su, sun haddace hanya sun maimaita ta an ba su maki. Sati biyun farko ki sadaukar da su wajen gano abin da ke cikin kansu. Ki ba su tes ɗin da ba maki a ciki, ki gaya musu ƙarara ba zai shiga ripot kad ba, tambayoyi goma sha biyar kawai kuma masu sauƙin gani. Ki sa 1/2 + 1/3. Za ki yi mamakin yawan waɗanda za su rubuta 2/5, sun tara sama sun tara ƙasa shikenan. Kada ki ja jan biro ki wuce, ki kira ɗaya ki ce masa, ɗana an ba ka rabin biredi aka ƙara maka kashi ɗaya cikin uku, yanzu abin da ke hannunka ya fi rabi ko bai kai ba? Zai ce ya fi. To 2/5 ya kai rabi? Sai ki yi shiru ki bar shi ya gano da kansa. Ki sa musu 3 − (−5). Ki sa musu (3 + 4)² ki tambaya ko daidai yake da 3² + 4², na farko 49 ne na biyu 25, ki ce su nemo inda 24 ɗin ta shiga. Yaron da ya gano cewa 24 ɗin nan ita ce 2 × 3 × 4 ba zai sake rubuta (a + b)² = a² + b² ba har ya gama sakandare, wanda kuwa aka ce masa kawai ba haka ake yi ba zai sake yi a tes na gaba.

Dalilin da ya sa nake nacewa a nan shi ne mafi yawan abin da muke kira matsalar aljabra matsalar firakshan ce da lambobin mainos da cire baka. Yaro zai fahimci sabon darasi tsaf, ya bi matakai daidai, sai a layi na huɗu alamar mainos ta kayar da shi, shi kuma ya ɗauka aljabra ce ba ya ganewa. Gini ne aka ɗora a kan fandisho mai tsaga, duk hawan da kika ƙara tsagar ce ke ƙara buɗewa.

To ga yadda ni zan raba shekarar in da ni ne a kujerarki, amma ki fara zama da shugaban sashen lissafi, domin in jarrabawar ƙarshen zango ɗaya ce ga duk 'yan SS1 dole abin da kika koyar ya haɗu da abin da za a tambaya, kada yaranki su faɗi a abin da ba ki kai ba tukuna.

Zangon farko na madaidaicin layi ne. Bayan satin gyara ki shiga ikweshan mai harafi ɗaya, da juya fomula a fitar da wani harafi, da alamar ya fi ko bai kai ba, sannan ikweshan biyu masu haruffa biyu, kuma duk wanda aka warware a zana shi a takardar giraf a gan shi da ido. A nan ne zan roƙe ki ki ba da lokaci sosai wajen mayar da magana ta koma alama, don shi ne abin da yaranmu suka fi gudu. Ki kawo musu abin da suke gani a unguwa. Masu hayar kujerun biki biyu, ɗaya yana karɓar ₦5,000 kuɗin mota da ₦100 kowace kujera, ɗayan ba kuɗin mota amma ₦150 kowace kujera, wajen wa za a je? Za su fara gardama, wasu su ce na farko wasu na biyu, sai wata can baya ta ce ai ya danganta da yawan kujerun, to ita ce ta buɗe darasin. Su rubuta 5000 + 100n = 150n su samu n = 100, su zana layukan biyu su ga inda suka gicciye, su kuma iya faɗa da baki cewa in kujerun ba su kai ɗari ba na biyu ya fi sauƙi, in sun haura na farko. Darasi ɗaya kin taɓa ikweshan da giraf da gangaren layi da ya fi ko bai kai ba.

Akwai kuma rabon gado, wanda duk ɗan da ya zauna a Islamiyya ya taɓa ji. Mutum ya rasu ya bar ₦2,400,000 bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, magadansa mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, ba iyaye. Matar tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato 300,000, saura 2,100,000. In rabon 'ya mace x ne na namiji 2x, sai ya zama 2x + 2x + x + x + x = 2,100,000, wato 7x, x ya zama 300,000, kowane namiji 600,000. Ba ni na ƙirƙiro haɗa aljabra da gado ba, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi da ya rubuta littafin aljabra a Bagadaza wajen shekarar 820 babban kaso na littafin nan lissafin gado da wasiyya ne. Ajinki a Kaduna yake, tabbas akwai yara Kirista a ciki, ki gabatar da shi a matsayin lissafi ki ba kowa ƙa'idar rabon a allo yadda ba wanda zai ji an bar shi a baya, kuma ki gaya musu wannan misali ne na aji, rabon gaskiya wajen malamai da kotu ake zuwa.

Zango na biyu na indisis (irin su a³) da logaritim da sod (irin su √2) ne, tare da buɗe baka da faktoraizin. Abin da ke kashe wannan zangon shi ne a jera dokoki bakwai a allo a ce a kwafa. Yaro ya rubuta a³ × a² a buɗe, a sau uku da a sau biyu, ya ƙirga da kansa ya ga biyar ne, sannan ki tambaye su me ya sa kowace lamba in an ɗaga ta zuwa sifili take zama 1, in dai ita kanta ba sifili ba ce. Su sauko daga 2³ zuwa 2² zuwa 2¹ suna rabawa da biyu, 8, 4, 2, su faɗi na gaba, su ci gaba har ƙasa da sifili su ga 1/2 da 1/4 sun fito. Logaritim kuma kada ki fara shi da fo-figa tebur, wato littafin jadawalin da ake duba logaritim a ciki, ki fara da tambaya: sau nawa zan ninka 2 da kanta in kai 1024? Goma. Wannan goman ita ce logaritim ɗin, tebur daga baya ne. Ki ba su fallen takarda su yi ta ninkewa biyu-biyu, da hannu da wuya su wuce ninki bakwai, su lissafa kaurin da za ta yi in da za a iya ninka ta sau goma, takarda mai kaurin 0.1 na milimita za ta haura santimita goma. Sau ashirin fa? Ki bar musu shi asaimen.

Zango na uku shi ne na kwadiratik, wato ikweshan mai x², da fankshan da jerin lambobi, kuma shi ne zangon da ya fi gajarta a aikace, don haka faktoraizin ya zama ya zauna tun zango na biyu. Ina roƙonki da girman Allah kada ki ba su babbar fomular kwadiratik a ranar farko. Na san suna son ta, har waƙa ake yi da ita a wasu azuzuwan, amma yaron da ya fara da ita ba zai ƙara sauraron komai ba. Ki nemi kwalin indomi da almakashi ki yi musu misalin al-Khawarizmi da kansa, x² + 10x = 39. Ki yanka murabba'i ɗaya ki ce kowane gefensa x ne, wannan shi ne x². Ki yanka dogaye biyu kowanne faɗinsa 5 tsawonsa x, su ne 10x an raba biyu, ki manna ɗaya a gefen dama ɗaya a ƙasa. Yanzu duk abin da ke allo girmansa 39 ne, amma akwai gurbi a kusurwa, ki tambaye su girman gurbin, za su ce 5 sau 5, 25. Ki cike shi. Babban murabba'in ya zama 39 da 25, wato 64, gefensa 8, kuma gefen nan x + 5 ne, x ya zama 3. Ki dakata su gwada, 9 da 30, 39. Sai ki rubuta −13 a gefen allo ki ce su saka ta su gani, 169 a cire 130, ita ma 39 ta bayar. Daga ina ta fito, me ya sa kwalin bai nuna ta ba? Shi kansa al-Khawarizmi bai ƙirga amsar mainos ba a zamaninsa. Tattaunawar da za ta biyo bayan wannan tambayar ta fi firiyod uku na kwafar not. Bayan sun yi irin wannan da yawa sai ki sa su maimaita matakan da a, b, c maimakon lambobi, su fitar da babbar fomular da hannunsu, a ƙungiya-ƙungiya, ko da zai ci kwana biyu.

Wannan shi ne bambancin ajin zaƙaƙurai da sauran azuzuwa a wurina: darasin ɗaya ne amma su ana tambayarsu me ya sa, ana sa su rubuta dalili da jimla, ana ba su tambayar da ba a yi irinta a allo ba. Kusan kowane sati ki ba su guda ɗaya irin wannan, ki ba su kwana uku, ki hana kanki taimaka musu da wuri, don yaran da suka saba zuwa na ɗaya ba su saba maƙalewa ba, ranar da suka maƙale sai su ɗauka ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙare, wasu har kuka suke yi. Gara su fara ɗanɗana wannan a gabanki a SS1 da su fara ɗanɗana shi a lebul wan a ABU ko KASU inda ba mai kula su.

Tes kuwa ki mayar da shi ƙarami kuma kullum. Duk Juma'a minti goma sha biyar, tambaya biyar, biyu daga darasin satin, biyu daga na watan da ya wuce, ɗaya daga zangon baya. Ta haka ikweshan ɗin Oktoba ba zai mutu kafin Yuni ba, kuma ba sai kin ɓata sati biyu kina bita a ƙarshe ba. Yara 28 ne, za ki iya makin a zama ɗaya. Asaimen ma kada ya wuce tambaya shida zuwa takwas, in kika ba da talatin to kwafa kika koya musu, da safe za ki tarar da su a baranda littafi ɗaya na yawo.

Game da firinsifal, ba sai kin ce masa a'a ba. Ki ce masa za ki taɓo SS2 a inda ya haɗu da abin da kuke yi, kuma gaskiya ne, ikweshan biyu da ɗayansu kwadiratik ne da jerin lambobi duk za su shigo da kansu a zango na uku. Abin da iyaye za su gani kuma ki shirya shi, ranar buɗe makaranta ga iyaye yaran su tsaya da kwalayensu su yi bayani, uba ya ga 'yarsa tana fitar da fomula a allo tana faɗin dalilin kowane layi. Ki kuma roƙe shi abu ɗaya, ƙofar ajin ta zama a buɗe, a ƙarshen zangon farko a duba sauran azuzuwan, akwai yaron da bai yi fice a JSS3 ba don rashin lafiya ko canjin makaranta amma kansa na ja, a ba shi dama ya shigo.

TAMBAYA: Salam Malam. Ɗana ya gama JSS2 a nan Kaduna sai ya koma wajen mahaifiyarsa a Amurka, sun saka shi aji tara, kuma an ce zai iya shiga wani ajin aljabra na musamman da suke ce wa onos. Ni ban gane tsarin ba, in bari ya shiga ko zai yi masa yawa? — Wani mahaifi daga Unguwar Rimi

AMSA: Alhaji barka da war haka. A can babbar sakandare shekara huɗu ce, aji tara zuwa aji sha biyu, aji tara ita ce shekarar farko, yara 'yan shekara 14 zuwa 15. In aka ƙirga shekarun karatu daidai take da JSS3 ɗinmu, don haka ba su tsallake da shi ba kuma ba su mayar da shi baya ba. Babban bambancin shi ne mu muna haɗa aljabra da jiyometiri da sauransu a kowace shekara, su kuwa a yawancin makarantu shekara guda ake ba fanni ɗaya, aljabra ta ɗaya, sai jiyometiri, sai aljabra ta biyu, sai share fagen kalkulas, mai ƙoƙari ya kai kalkulas ɗin kanta kafin ya gama. Ajin onos darasin ɗaya ne da na kowa amma ana zurfafawa, ana saurin tafiya, aikin gida ya fi yawa, kuma makarantu da yawa suna ƙara wa makinsa nauyi wajen haɗa sakamako, jami'o'i ma suna duba ko yaro ya ɗauki azuzuwa masu wuya.

Abin da za ka fara tambaya shi ne aljabra ta ɗaya ce ko ta biyu. In ta ɗaya ce, yaron da ya yi JSS2 da kyau a nan ya riga ya ga ikweshan da buɗe baka, ina ganin zai iya, ka bar shi ya shiga. In ta biyu ce a dakata, domin waɗanda ke cikinta a aji tara sun gama ta ɗaya tun a ƙaramar sakandare, shi kuma bai yi kwadiratik ba bai yi fankshan ba. Abin da zai fi ba shi wahala a watannin farko ba lissafin ba ne, dogayen tambayoyin labari ne da Turancinsu, da yadda suke son a rubuta bayani, da zana giraf a kalkuleta ko kwamfuta wanda bai saba ba. Mahaifiyarsa ta je ta ga mai ba ɗalibai shawara na makarantar, yawancin makarantu suna da shi, ta nemi a yi masa gwajin tantancewa, ta kuma tambayi zuwa yaushe ake barin yaro ya canza aji in ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Kai kuma in kun yi waya ka bar tambayarsa maki nawa ya ci, ka ce ya koya maka abu ɗaya da aka yi a satin.

TAMBAYA: Malam ni ma malami ne a Kawo. In bar 'yan SS1 su riƙa amfani da kalkuleta ko in hana?

AMSA: Malam ka hana a zangon farko, ka bari daga baya. WAEC tana barin kalkuletar da ba a iya loda mata komai, to dole su iya aiki da ita kafin SS3, amma yaron da ke danna 7 × 8 a kalkuleta ba zai iya faktoraizin ba, tunda faktoraizin ganin lambobi ne da ido, wace biyu ce in an ninka su ba da 56 in an tara su ba da 15. In ka zo logaritim ka ba su, bayan sun fara ƙiyasta amsar da ka.

TAMBAYA: Malam dan Allah a taimaka min. Ina SS1 sayans a makarantar gwamnati a Rigasa, mun fi 90 a aji, ba mu da malamin Foda Mas kwata-kwata, ni kuma injiniyarin nake son karanta, ina son lissafi sosai amma abin da ake yi a aji na riga na iya. Ya zan yi? — Wata ɗaliba daga Rigasa

AMSA: 'Yata Allah ya yi miki albarka, saƙonki ya faranta min rai kuma ya dame ni lokaci guda, don irinku suna da yawa a azuzuwan nan masu cunkoso kuma ba mai lokacin ganinku. Ki kwantar da hankalinki a kan abu ɗaya, rashin Foda Mas, wato ƙarin darasin lissafi mai zurfi, ba zai hana ki samun injiniyarin ba, a JAMB lissafin gama-gari ake rubutawa tare da Turanci da fiziks da kemistiri, a WAEC ko NECO kuma yawancin jami'o'i kiredit suke nema a lissafin gama-garin. Amfanin Foda Mas yana fitowa ne bayan an shiga jami'a, lissafin shekarar farko kusan shi ne, waɗanda suka yi shi suna tafiya a sauƙaƙe sauran suna haki. To tunda kina da shekara uku a gaba za ki iya yin kaso mai yawa da kanki.

Ki nemi littafin Foda Mas na SS1 ko tsoho ne, wajen masu sayar da tsofaffin littattafai ko wajen wata yaya da ta gama. Ki fara da indisis da logaritim da sod, sai fankshan, babi ɗaya a sati biyu ya isa, kuma ki yi kowace tambaya da biro, karanta lissafi kamar labari ba ya zama a kai. Ki samu ƙawaye biyu ko uku masu irin ra'ayinki ku riƙa zama ranar Asabar, kowa ta ɗauki tambaya ta koya wa sauran. In akwai babbar waya a gida ki roƙa a sauke miki GeoGebra, kyauta ne kuma bayan an sauke yana zana giraf ba sai da data ba, ki rubuta y = x² ki canza lambobi ki ga yadda zanen ke motsi. Sannan ki je wajen malamin lissafinku bayan an tashi, cikin ladabi, ki nuna masa littafin aikinki, malamin da ke fama da yara 90 ba ya ƙin ɗalibar da ta zo da aikin da ta yi da kanta, ki tambaye shi ko zai shigar da ku gasar Olimfiyad da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja take shiryawa.

Ki kuma san cewa lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a murabba'i ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ga aikinki na wannan satin daga fanninsa. Ki zana gida tara, uku-uku, ki jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a kwance da a tsaye da a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Jerawar ba wuya, da gwaji za ki samu. Abin da nake so shi ne ki nuna min da aljabra wace lamba ce dole ta zauna a gidan tsakiya kuma me ya sa ba wata da za ta iya zama a wurin. Ki fara da tara 1 zuwa 9 ki raba uku don ki san jimlar kowane layi, ki kira ta tsakiyar x, sannan ki ƙirga layuka nawa ne suke ratsa ta. Ki turo min amsar da matakanki duka, zan buga ta a fitowa ta gaba in sha Allah.